Kangon Takht-i-Bahi: ya cancanci a je?

Ɗalibi a Islamabad: Assalamu alaikum. Kowa Taxila yake ambata idan ana zancen kufan mabiya Buddha a Pakistan, amma an nuna mini hotunan Takht-i-Bahi. Shin akwai abin gani da zai biya wahalar hanya?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam, ɗana. Akwai ƙwarai. Wurin yana kan tsauni kusa da Mardan, an kafa shi a ƙarni na 1 miladiyya, ana kuma ibada a cikinsa har ƙarni na 7. Tsayin dutsen ne ya kare shi daga maharan da suka rusa makamantansa. UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Ka lura da farfajiyar da ƙananan ɗakunan gumaka suka kewaye, da ɗakunan zuhudu masu duhu na ƙasa, waɗanda a ganina suka fi komai jan hankali.

Wata matafiya: Malam ya yi gaskiya, sai dai yawancin gumakan an kwashe su. Ka tsaya gidan tarihi na Peshawar ka ga sassaƙar Gandhara (tsohon sunan wannan yanki) mai salon Girkawa. Matakalar hawa Takht-i-Bahi tana da tsawo, don haka ka yi sammako, ka riƙe ruwa.