"Ɓarayin littafi": kalmar da ta raba zauren marubuta

Mai Alƙalami: Abin ya isa haka. Marubuciya ta kwashe wata 4 tana buga littafi a waya, ta sa masa naira 500, kafin azahar an kwafe an watsa shi a zaurukan WhatsApp. Ɓarayi ne, ba su da wani suna.

Ɗan Bata: Hajiya, kalmar ta yi nauyi. Ɓarawo ɗauke abu yake yi ya bar mai shi hannu rabbana. Littafin nan yana cikin wayarta.

Uwar Biyu: Kuɗin fa? Su ma suna cikin wayar tata? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta hana rarraba rubutun wani ba izini. Haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci.

Ɗan Bata: Keta haƙƙi daban, sata daban. A fiƙihu sai an ɗauko abu daga ma'ajiyarsa. Wanda ya biya aka ba shi sannan ya fitar, cin amana ya yi.

Uwar Biyu: To, maci amana. Hankalinka ya kwanta?

Injiniya: Ku bar suna, ku gyara ƙofa. Rubutun da aka liƙa tsirara a WhatsApp, dannawa ɗaya ce an kwafe. A buɗe rufaffen zaure a Telegram, a kunna hana turawa da adanawa. In PDF ne, a buga lambar wayar mai saye a kowane shafi, ta ratsa tsakiyar rubutu, don in a gefe take yankewa za a yi. Mai waya biyu dai zai ɗauki hoto, amma lambarsa za ta tona shi.

Bamaraɗe: Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram sefa ke hannunsa. In ba a sa lambar kamfanonin tura kuɗi na Nijar irin su Nita ko Amana ba, ta ina zai biya?

Mai Alƙalami: Rashin hanyar biya ba ya halatta kayan wani, Malam.

Bamaraɗe: Wato yanzu 'yan Nijar ne ɓarayin?

Ɗan Bata: Da can da ake hayar littafi a shago, ana ba ƙawa aro, wa ya kira su ɓarayi?

Uwar Biyu: Na takarda in yana hannun ƙawa, ba ya hannunka. Kai dai faɗi gaskiya, kwafi nawa ke wayarka?

Shugabar zaure: A tsaya nan. Abin da na fahimta, kowa ya yarda sata ce, mutum ɗaya ne kawai yake kame-kame. Maganar Nijar a kai ta wani wuri. Duk wanda ya sake turo littafin kuɗi a nan, waje.