Taƙaitawa kan saita gudun katin netwok na saba

To jama'a, tambayar ita ce: katin netwok na saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima), a bar shi ya zaɓi gudunsa da kansa ko a ƙulle gudun da hannu? Ga abin da na tsinta a maganganunku:

1. Kusan kowa ya ce a bar katin ya daidaita gudu da suwic (na'urar da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta) da kansa, gigabit (gudun megabit 1000 a daƙiƙa) ma ba ta aiki sai da hakan.

2. In ethtool (manhajar duba da saita katin netwok a Linux) ya nuna gudun 100 maimakon 1000, a fara duba kebul, don gigabit sai wayoyi takwas ɗin da ke cikin kebul ɗin duka sun yi kyau, ɗaya ta tsinke a kai shi ke nan, gudu ya faɗo. Masu aiki a Samaru sun nanata wannan sosai, ni ma ina tare da su.

3. Ƙulle gudu da hannu nan aka rabu. Wasu sun ce tsohon suwic sai an ƙulle, wasu suka ce in ɓangare ɗaya kawai aka ƙulle, wato katin ko suwic ɗin, netwok zai riƙa ja kamar jaki.

Kuma saitin ethtool gogewa yake in wuta ta ɗauke saba ta sake tashi, don haka a rubuta shi cikin fayil ɗin saitin netwok na saba.