An yi min shafin intanet na shago amma ba ya fitowa a Google, ina mafita?

Mai_Sola_Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin harkar intanet ku taimaka min da shawara. Sana'ata haɗa sola a gidaje da shaguna nan Kano, muna sayar da fanel da batir da inbata kuma mu muke zuwa mu haɗa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kasuwa ta buɗe alhamdulillahi, mutane sun gaji da janareta, amma masu sana'ar ma sun yi yawa, duk lungun da ka shiga akwai mai sola. Shi ne aka ba ni shawara in buɗe shafin intanet, na biya aka yi min, kuma ya yi kyau ba laifi, akwai hotunan aikinmu da lambar waya da komai.

To yau watanni kenan ko mutum ɗaya bai kira ni ya ce a Google ya gan ni ba. Ni kaina in na rubuta sunan shagon ba na ganin shafin, balle in rubuta masu haɗa sola a Kano, sai kamfanonin Legas da Abuja su yi ta fitowa. Wanda ya yi min aikin ya ce sai an yi SEO, wato gyaran da ke sa shafi ya fito a binciken Google, kuma wannan kuɗinsa daban ne duk wata, wani kuma ya turo min saƙo wai zai kai ni sahun farko cikin sati biyu in na sayi linki a wurinsa, wato in biya shi ya sa adireshin shafina a wasu shafuka. Wai me ake yi ne takamaimai a SEO ɗin nan, akwai wanda zan iya yi da kaina? Kuma da gaske sai na dinga rubutu a shafin? Don ni ba marubuci ba ne, mai waya da sukundireba ne.

Injiniya_Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Da farko mai linkin nan ka rabu da shi, sayen linki don a hau sama ya saɓa ƙa'idar Google, in suka gane shafin ne zai kwana a ciki ba shi ba. Kuma babu mai iya ba ka tabbacin sahun farko, ma'aikatan Google da kansu sun sha faɗa cewa aikin nan yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ka ce ko sunan shagon ka rubuta ba ka ganinsa. Wannan alama ce Google bai ma shigar da shafin cikin rumbunsa ba. Gwada wannan yanzu: shiga Google ka rubuta site: sai ka manna adireshin shafinka a jiki ba tazara. In ba abin da ya fito to matsalar kenan. In da WordPress, manhajar haɗa shafi, aka yi shi ka shiga Settings sai Reading, akwai wani ɗan akwati da ke hana injinan bincike shigar da shafi, masu haɗawa sukan kunna shi lokacin da suke aiki sai su manta ba su kashe ba. Cire alamar. Daga nan ka buɗe Google Search Console, kyauta ne, ka tabbatar musu kai ne mai shafin, ka tura musu taswirar shafin wato sitemap, jerin duk shafukan da ke ciki, Yoast ko Rank Math da ake ƙarawa a WordPress duk suna haɗa maka ita. Wani lokaci kwanaki kaɗan, wani lokaci makonni kafin su zagayo.

Na biyu kuma a ganina ya fi shafin ma muhimmanci ga mai sana'a irin taka, ka yi rajistar Google Business Profile, wanda da ake ce wa Google My Business. Shi ne ke sa shago ya fito a taswira in mutum ya nemi abu kusa da shi, da lambar waya da lokacin buɗewa da hanyar zuwa. Nan kamfanin Legas ba zai iya ƙwace maka ba tunda ba shi da shago a Kano. Za su iya neman ka ɗauki bidiyon shagon da allon sunansa don tantancewa. Duk gidan da ka gama wa aiki suka ji daɗi ka roƙe su su rubuta ra'ayinsu a wurin, amma na gaskiya, kar ka sa yaran shago su cika shi da yabo, ana gogewa kuma ana iya rufe maka.

Sannan ka tambayi wanda ya yi maka aikin da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin. Ya zama da sunanka da imel ɗinka, fasuwod yana hannunka. Na ga mutane da yawa sun rasa shafinsu ranar da suka saɓa da mai haɗawa.

Maman_Ilham

Ɗan uwa ni turaren wuta da humra nake sayarwa, zan yi magana a kan rubutun da kake tsoro. Ba wani rubutun malaman jami'a ake nema ba wallahi. Ka ɗauki wayarka ka buɗe WhatsApp ka duba tambayoyin da kwastomomi suke maka kullum, waɗanda har ka gaji da amsawa. Na tabbata akwai mai cewa Malam ina da fanka uku da talabijin da firji, wace inbata ce za ta ɗauke su. Akwai mai cewa batir ɗina da yana kaiwa asuba yanzu ƙarfe biyun dare yake mutuwa. Akwai mai tambayar bambancin batir mai ruwa da na litiyum. To kowace ɗaya daga cikin waɗannan rubutu ɗaya ce, kuma irinsu mutane suke bugawa a Google da daddare in wuta ta ɗauke.

Yadda nake yi, in mace ta tambaye ni yadda ake ajiye turare kar ƙamshinsa ya gudu sai in yi mata bayani da murya, daga baya in zauna in saurari abin da na faɗa in mayar da shi rubutu, in gyara kaɗan in saka hoto. Shikenan. Kai ma haka za ka yi, yadda za ka yi wa mutum bayani yana tsaye a bakin shagonka, ka ce masa firji in zai tashi yana fizgar wuta fiye da yadda yake ci in ya daidaita shi ya sa ƙaramar inbata take yin ƙara ta mutu, ko ka nuna hoton fanel da ƙurar hunturu ta rufe da kuma bayan an wanke shi da sassafe kafin ya ɗau zafi. Wannan ilimin kamfanin da ke kwafo rubutu daga waje ba shi da shi, kai da ka hau rufin kwano a watan Afrilu kai ka san shi.

Taken rubutun ya zama tambayar ce kanta yadda mutane suke yinta. Kar ka sa "Barka da zuwa shafinmu" ko "Ayyukanmu masu inganci", ba wanda yake neman wannan. Kuma a ƙarshen kowane rubutu ka sa maɓallin WhatsApp, mutanenmu ba sa cike fom.

Ɗan_Kwari

Ni dai gaskiya ra'ayina daban. Alhaji su wa za su karanta? Kwastoman sola a Kano maƙwabcinsa yake tambaya wa ya haɗa maka, ko ya gani a TikTok ko Facebook. Mu nan kasuwa atamfa da shadda a status muke sayar da su, hoto ɗaya da safe kafin azahar an yi ciniki. Lokacin da za ka ɓata kana rubutu ka ɗauki bidiyon minti ɗaya kana haɗa aiki ya fi maka. Kuɗin sabunta shafi duk shekara ma wani nauyi ne.

Injiniya_Zariya

Ɗan_Kwari maganarka akwai gaskiya a ciki, bidiyo yana aiki kuma ban ce ya bari ba. Amma atamfa da sola ba ɗaya ba ne. Atamfa ido ke saye, sola kuwa kuɗi ne mai nauyi, mutum yakan yi makonni yana bincike yana tsoron kar a haɗa masa abin da ba zai ɗauki kayansa ba, musamman masu asibiti da makarantu da 'yan uwanmu da ke waje suna son a haɗa wa iyayensu a gida, waɗannan ba sa cikin status ɗinsa tunda ba su da lambarsa. Status kuma awa 24 ya ɓace, rubutu mai kyau yana nan ana samunsa shekara da shekaru. Bidiyon ma ya ɗora a YouTube ya saka shi cikin rubutun, aiki ɗaya riba biyu.

Malam ƙarin abu biyu. Hotunan nan kar ka ɗora su yadda suka fito daga kyamara, kowanne megabait da yawa ne, mai ƙaramar data a unguwar da sabis ba ƙarfi zai fita kafin ya buɗe. A rage girmansu, ka gwada saurin shafin a PageSpeed Insights na Google ɓangaren waya, domin Google yanayin shafi a waya yake dubawa wajen jera shi. Sai batun harshe, wasu da Turanci za su nema wasu da Hausa, da yawa ma gauraye suke yi. Babban shafin da ke bayanin aikinka ka yi shi da duka biyun kowanne da nasa shafin, ka ambaci Kano da garuruwan da kake zuwa da gaske, in kana kaiwa Wudil ko Bichi ko Dutse ka faɗa. Rubutun amsa tambayoyi kuwa ina ba ka shawarar Hausa, don masu bayanin sola da Hausa a rubuce ba su da yawa, gasar ba ta kai ta Turanci ba. In kana son sanin yadda ake tambaya, fara rubuta kalma a Google ka ga abin da yake ƙarasa maka.

Mai_Sola_Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Injiniya na duba, akwatin nan kuwa a kunne yake, na cire yanzun nan, gobe in sha Allahu zan yi rajistar shagon a taswirar Google in yara sun share gaban shago. Hajiya na ƙirga tambayoyin da ke WhatsApp ɗina sun isa in fara, ta batir mai mutuwa da dare zan soma da ita don ita ta fi yawa. Saura abu ɗaya, farashi. Kusan kowa nawa ne yake fara tambaya, amma kayan nan da dala suke tafiya, abin da na faɗa yau wata mai zuwa ya canza. In saka ko in bari?

Maman_Ilham

Ka saka. Mutum in bai ga kuɗi ba yana ɗauka ya fi ƙarfinsa sai ya wuce wani wurin. Amma kar ka yanke lamba ɗaya, ka ce haɗin da zai ɗauki fitilu da fanka da cajin waya yana kamawa daga kaza zuwa kaza, wanda aka ƙara firji daga kaza zuwa kaza, ka rubuta a sama cewa farashin wannan watan ne ka sa kwanan wata, ka faɗi abin da ke cikin kuɗin har da waya da ladan aiki. Farkon kowane wata ka shiga ka gyara a wannan shafin dai, kar ka buɗe sabo, don adireshin ya zauna ɗaya wanda za ka dinga tura wa duk wanda ya tambaye ka a WhatsApp.