Mu koma oba-oba na dijital ko mu tsaya a FM?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana harkar rediyo. Ina neman shawara kan wata gardama da ta raba kan ƙungiyarmu ta masu oba-oba na sa-kai. Tun ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, muke shirin yadda za mu riƙa magana da juna idan layin waya ya ɗauke.

Yanzu FM muke amfani da shi a zangon mita 2, wato wani rukunin tashoshin oba-oba. Matasanmu sun dage sai DMR, wato wani tsarin oba-oba na dijital, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: tashar ƙara zango guda (mai karɓar murya ta sake watsa ta nesa) tana ɗaukar hira biyu lokaci ɗaya, murya tana fita tas, batir yana ƙara daɗewa.

Ni abin da ke damuna shi ne bakin zango, wato inda sigina ya yi rauni saboda nisa. A FM, ko shuuu ya yi yawa, kana iya tsinto "muna kan rufi" daga ciki. Dijital kuwa sai muryar ta kakkarye, daga nan ɗif. Ga kuma saiti: sai an haɗa kowace na'ura da kwamfuta an zuba mata tashoshi da rukunin hira, alhali dattawanmu murɗa maɓalli kawai suka sani. Sannan DMR ba ya jin sauran tsarin dijital, irin su D-STAR na kamfanin Icom, balle Fusion na kamfanin Yaesu.

Don Allah wanda ya taɓa aikin ceto da DMR ba tare da intanet ba, yaya ya kasance? Ko mu sayi masu yin duka biyun, mu bar FM a matsayin babbar tasha? Kuɗinmu na sayayya ɗaya ne.