Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne: ya dace da mara lafiya a ɗakin kati?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina zuwa wani asibitin gwamnati ana duba ni saboda hawan jini, kuma inda raina ya fi ɓaci shi ne ɗakin kati, domin sai mutum ya yi sallama a ƙi ɗaga kai, daga baya a ce fayil ɗinsa bai fito ba, ba tare da an faɗi dalili ba. Da na kai kuka wurin yayana, sai ya ce mini durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ina son gyara yadda nake tunkarar ma'aikatan nan, shi ya sa nake tambaya ko wannan karin magana ya dace da halin da nake ciki.

Tsohon malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Malam, yayanka ya ajiye maganar a muhallinta. Ana faɗinta ne ga wanda buƙata ta kai shi hannun na ƙasa da shi, don ya san cewa sassauta murya ba ta rage masa komai, kuma idan ya miƙe tsawonsa yana nan. Wanda ke riƙe da fayil ɗinka da safiyar nan shi ne hanyarka ta ganin likita.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Maganar ta riga ta ɗauka cewa ma'aikacin kati na ƙasa ne, kuma duk wanda ya zo taga da wannan tunani, ko da ya yi murmushi, rainin yakan fito a muryarsa. Sau da yawa fayil ba ɓata yake yi ba: an kai shi wani sashe ne a zuwan da ya gabata, ba a dawo da shi ba, kuma mutum ɗaya ne ke nemansa yana kuma amsa wa dogon layi. Akwai wani abin da ya shafi Malam kai tsaye. Ana so mai hawan jini ya zauna ya huta kamar minti 5 kafin a gwada shi, don haka wanda ya fito daga cacar baki ya miƙa hannu, awon yakan nuna sama da yadda jinin yake. Ni da zan zaɓa masa, sai in ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wani lauya: Hajiya, a gafarce ni, wannan da kika kawo ai mai masauki ake faɗa wa, kuma a asibiti ma'aikaci ne mai masauki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake jawo karin maganar haƙuri duk lokacin da talaka ya yi ƙorafi. Tun 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM don karɓar koke a kan ma'aikatan gwamnati, sannan a 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya a Nijeriya, wanda ya tanadi a mutunta mara lafiya kuma a yi masa bayani. Wanda ya zo karɓar haƙƙinsa, me zai sa a ce ya durƙusa?

Tsohon malamin makaranta: Ranka ya daɗe, gyaran da ka yi wa Hajiya daidai ne. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin na sha ganin masu tsallake layi da masu zagin yarinyar da ba ita ta ɓatar da fayil ba. Malam ya yi tambaya ne a kan abin da ke hannunsa, wato harshensa. Mutum yana iya yin magana da ladabi a taga, sannan ya wuce ya rubuta ƙorafinsa a ranar.

Lauya: Na amince da wannan, muddin ba a tsaya a ladabin kaɗai ba.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ka rubuta lambar katinka a wani wuri daban, kuma idan an ce fayil bai fito ba, ka faɗi sashen da aka duba ka a zuwanka na ƙarshe, domin daga can ake fara nema.