Albarushi nawa ake zuba wa .300 Win Mag?

Sabon Maharbi: Salamu alaikum manya. Dan Allah ina neman shawara, na sayi bindiga .300 Winchester Magnum a nan Arizona ina so in fara cika harsashina da kaina don harbin yadi 800 zuwa 1000, na kanti ya yi tsada kuma ba ya zama waje ɗaya. Kan harsashi mai nauyin giren 200 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne) nake da shi. Wane albarushi zan saya kuma nawa zan zuba?

Kawu na Montana: Wa alaikumus salam ɗana. Nawa za ka zuba kam ba wanda zai faɗa maka a zaure, wanda ma ya ba ka lamba kar ka karɓa, don bindigarsa daban taka daban. Ka buɗe littafin masu albarushin ko na masu harsashin, ka nemo daidai nauyin kan da kake da shi, akwai awon farawa akwai na ƙarshe. Daga na farawa ake tashi. Albarushi kuma mai ci a hankali za ka nema, H1000 ko Retumbo, irin wannan babban kwanso shi yake so.

Baban Yara: Ni ma H1000 zan ce, musamman kai da kake Arizona. Cikin jerin Extreme na kamfanin Hodgdon yake, a Ostireliya ake yinsa, zafi da sanyi ba sa juya shi sosai. In ba ka samu ba N565 na Vihtavuori ma ba laifi sai dai kuɗi.

Kawu na Montana: Maganar zafin nan ka riƙe ta da kyau. Na taɓa haɗa awo da hunturu ana dusar ƙanƙara, lafiya lau, da rani ya shigo na fita da shi na ajiye akwatin a rana, harbi na uku sakatar bindiga ta ƙi ɗagowa sai da na sa tafin hannu na doke ta, da na duba gindin kwanson ga wani ɗan tabo mai sheƙi zagayayye, firaima, wato 'yar hular gindin kwanso mai kunna albarushi, kuma ta baje. Wallahi nan take na tattara na koma gida na warware sauran gaba ɗaya. Harsashin nan iyakar matsinsa psi 64,000 ne (psi ma'aunin matsi ne) kuma duk wannan ƙarfin dab da fuskarka yake.

Sabon Maharbi: Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba Kawu. To in na fara daga ƙasa nawa nawa zan riƙa ƙarawa?

Baban Yara: Rabin giren rabin giren, harsashi uku uku a kowane mataki, kana harbawa kana duba kwanso. Ka samu na'urar auna gudun harsashi ko aro ne, Garmin Xero ko MagnetoSpeed, don a yadi 1000 ba wanda ya fi gudu ake nema ba, wanda gudunsa ba ya bambanta ake nema. In wannan ya fita da sauri wancan ya ɗan ja baya za ka ga ɗaya a sama ɗaya a ƙasa alhali saitinka bai motsa ba. Kuma kar ka ce za ka yi ƙasa da awon farawa wai don tsaro, albarushi mai ci a hankali ba ya son fili da yawa a kwanso.

Kawu na Montana: Haka ne. Sannan duk abin da ka canza, kwanson wani kamfani ne, firaima ce, ko sabon gwangwanin albarushin da lambar rukuninsa ta bambanta, sauka ka sake hawa. Shi ya sa nake sayen babban gwangwani mai nauyin fam 8, fam ɗaya giren 7,000 ne kawai, harsashi 100 ma ba zai cika maka ba.

Sabon Maharbi: Na gode ƙwarai Kawu, na gode Yaya. Firaima fa, Federal 215 na gani a kantinmu, ta yi?

Baban Yara: Ta yi, don magnum aka yi ta, amma duba wadda littafinka ya yi gwajin da ita tukuna. Wane sikeli gare ka?