Zama cikin mabiya Buddha: me kuka gani da idonku?

Ɗan Fagge a Bankok:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina ya samu gurbin karatu a Tailan, tun ranar Hajiyarmu ba ta yi barcin kirki ba, wai za a kai mata auta ƙasar masu gumaka. Da yake na yi shekara shida ina kai-komo tsakanin Kano da Bankok wajen saro kaya, sai aka ɗora min aikin lallashi. Da na zauna zan yi mata bayani, sai na tarar abin da ya tsaya min a rai game da mutanen nan ba gumakan ba ne, wasu 'yan ƙananan abubuwa ne da suke yi kullum ba fashi. Don haka duk wanda ya taɓa zama a cikinsu, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani, ban da "an ce". Bari in fara.

Ɗakin da nake kamawa yana wani lungu a bayan kasuwar Pratunam. In na idar da sallar asuba nakan tsaya a taga. Wajen ƙarfe shida sai ga sufayensu, wato malaman addininsu masu gudun duniya, cikin mayafi ruwan goro, kai a aske, ba takalmi, kowa rungume da ƙwaryarsa. Akwai wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da kaza a bakin lungun. Kafin ta karɓi ko sisi daga hannun mai saye, ludayin farko na sufayen ne. Takan cire silifas, ta zuba, ta durƙusa, su yi mata ɗan karatu su wuce. Da farko na ce a raina ai wannan bara ce irin ta almajiranmu. Da na ƙara lura sai na ga sufin ba ya kira, ba ya roƙo, ba ya ma cewa an gode. Ita mai bayarwar ce ke nuna godiya don an karɓa. Suna kiran abin "tam bun", wato neman lada.

Ban taɓa cin kazarta ba saboda yanka, farar shinkafa kawai nake saya. Wata rana ina sauri na miƙa mata kuɗi na wuce, washegari na tafi wani gari duba kaya, sai bayan kwana uku na dawo. Ina shigowa lungun ta kwaɗa min kira, ta zaro wata leda da ta ƙulle a jikin tebur. Bat ashirin na kuɗin ƙasar ne a ciki, canjina. Kuɗin ruwan gora biyu! Ɗanta mai ɗan jin Turanci ya ce min tun ranar ta ware su, don ɗaya daga cikin alkawuran da take ɗauka shi ne ba za ta riƙe abin da ba a ba ta ba. Kada wani ya ɗauka Bankok gidan waliyyai ce, a garin ne mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, ya zagaya da ni awa guda a tafiyar minti goma. Amma ledar nan ban manta ta ba.

'Yar Zariya:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ba ƙaninmu sa'a, a ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta.

Ni a Siri Lanka na yi karatu, kusa da Kandy, shekara uku ɗakinmu ɗaya da wata 'yar ƙabilar Sinhala. Alkawuran da ka ambata guda biyar ne, su suna ce musu "pansil": kada a kashe mai rai, kada a ɗauki abin da ba a bayar ba, kada a yi lalata, kada a yi ƙarya, kada a sha abin maye. Kowace safiya takan tsinko fure, ta kunna 'yar fitilar man kwakwa, ta karanto su da Pali, harshen littattafan addininsu. Da na nemi ta fassara min, sai na ji lafazin ba "an hana ni" ba ne, cewa take "na ɗauki alkawarin horar da kaina in guji kaza". Kuma ba sau ɗaya ake ɗauka a gama ba, gobe ma sai an sake.

A kan tururuwa muka fara samun saɓani. Sun mamaye min gwangwanin sukari, na ɗauko kananzir zan gama da su, ta riƙe min hannu. Ta samo murafen kwalba huɗu, ta zuba ruwa, ta ɗora ƙafafun teburin a ciki, waɗanda suka riga suka hau kuma ta kwashe su da takarda ta kai waje. Wajen minti ashirin tana wannan aiki ina tsaye ina tsaki. Sauro kuwa gidan sauro take shiga. Amma da zazzaɓin dengi ya ɓarke, da hannunta ta kunna maganin sauro. Na ce to malama, ina alkawari? Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ake sabunta shi kowace safiya.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na baki. A wurinsu gyaran harshe ya haɗa abu huɗu: ƙarya, annamimanci, kaushin magana, da surutun banza. Kun san ɗakin 'yan mata. Da zarar an ɗauko zancen wata da ba ta nan, ba za ta yi wa kowa wa'azi ba, sai dai ta miƙe ta ce bari ta dafa shayi. Har muka gane, in ta ɗauki buta to mun shiga gulma ke nan. Ni da aka karantar da ni tun ina Islamiyya cewa giba cin naman ɗan'uwa ce, sai ga shi butar shayin wata ce ke tuna min.

Duk ranar da wata ya cika hutu ne a ƙasar baki ɗaya, suna ce masa "poya". Ba a sayar da giya, mahauta ma suna rufewa. Masu ƙwazo sukan sa fararen kaya su wuni a wurin ibada, su ƙara alkawuran su zama takwas: ba cin abinci bayan rana ta take, ba kiɗa ba turare ba kwalliya, ba kwanciya a gado mai laushi. A cikar watan Mayu kuma, lokacin Vesak, bikin tunawa da haihuwar Buddha, unguwanni kan kafa rumfunan abinci kyauta da ake kira "dansala", har tare mota ake yi a roƙe ka ka ci.

Malam daga Damagaram:

Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Ban je ƙasashen nan ba, amma na yi aikin agaji tare da waɗanda suka je sansanonin Musulmin Rohingya a Bangaladash. A 2017 mutum sama da dubu 700 suka tsere daga Miyanma, aka ƙone ƙauyukansu. Kafin nan akwai sufaye irin su Wirathu da suka yi shekaru suna hura wutar ƙin Musulmi. Mutumin da ke tausayin tururuwa, ina alkawarinsa na farko ya shiga a lokacin? Ke kuma 'yata, a Kandy ɗin da kike yabo ba a ƙone masallatai a 2018 ba? Sannan a yi hattara, yara na karantawa, kada yabon hali ya zama tallar aƙida.

'Yar Zariya:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa, kuma ina garin aka yi. Watan Maris ne na 2018. Daga wajen Digana abin ya taso, aka ƙone shaguna da gidaje da masallatai, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci da ta hana fita, aka toshe Facebook da WhatsApp na kwanaki. Ko Mamata ban iya yi wa saƙo ba sai ta kiran waya. Da hijabina ko bakin ƙofa ban isa in leƙa ba.

Wadda ta riƙa fita tana sayo min burodi ita ce mai tururuwar nan. Mahaifiyarta ta aiko da shinkafa da miyar kifi, ta ce kada a sa nama tunda ba ta san ƙa'idar yankanmu ba. Dare biyu ta jawo katifarta ta kwanta a bakin ƙofar ɗakin.

Ba na shakkar cewa cikin waɗanda suka cinna wutar akwai masu karanta pansil ɗin nan, don tun suna firamare ake biya musu shi. Karantawa daban, aikatawa daban. Abin da na lura da shi, wadda ta saba tsayawa minti ashirin saboda tururuwa, ranar da babbar magana ta zo ba ta tsaya shawara da zuciyarta ba. Mu ma ai muna da na sahun gaba da ke tauye mudu, ba mu ce laifin salla ba ne. Aƙidata kuwa tana nan daram, ita ma ba ta taɓa gayyatata wurin ibadarsu ba. Takan ma rage rediyo in ta ga na shimfiɗa sallaya.

Mai kwantena:

Ni nawa gajere ne. A Gwangzu ta ƙasar Sin akwai wata mata da nake saro takalma a wurinta, kullum da carbin katako a wuyan hannu. Ranar 1 da ranar 15 ga watansu na gargajiya ba ta cin nama ko kifi, sai ganye da awara. In zuwana ya dace da ranakun nan har murna nake, don takan kai ni gidan abincin da ba nama ko kaɗan, in ci hankali kwance ba fargabar alade.

To amma fa ita ɗin ce ta taɓa cusa min katan goma sha biyu na lamba biyu a ƙasan lamba ɗaya. Sai da kaya suka iso Kano na gani. Da na kira ta ta amsa laifi ba gardama, ta rage min a oda ta gaba. Har gobe muna ciniki, har gobe kuma sai na buɗe kowane katan kafin a rufe kwantena. Alhaji na Fagge, ka faɗa wa yaron nan carbi ba rasit ba ne.

Ɗalibi a Pune:

Mai kwantena ka kashe ni da dariya.

Abokin ɗakina a nan Indiya ɗan Maharashtra ne, danginsa na cikin waɗanda suka bi Ambedkar, jagoran mutanen da ake ƙasƙantarwa a tsarin ajin Indiya, suka koma addinin Buddha a 1956. Mutum ne mai zuciya kamar fetur. A hutun shekarar farko ya tafi garin Igatpuri, cibiyar koyon natsar da zuciya da wani malami mai suna Goenka ya kafa, ya yi zaman kwana goma. Yadda ya ba ni labari: ana karɓe waya, ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, ba magana da kowa sai tambaya ga malami, ba a biyan ko rupi, wanda ya gama in ya ga dama ya ba da gudummawa don na baya. Abu na farko da ake sa su yi shi ne ɗaukar alkawuran nan biyar, wai zuciyar da ke ɗauke da ƙarya ko haƙƙin wani ba ta natsuwa. Kwana uku na farko numfashi kawai suke lura da shi, shigarsa da fitarsa.

An ce su riƙa zama awa guda safe, awa guda yamma. Wata ɗaya ya yi yana cikawa, daga nan ya dawo minti ashirin, amma waɗannan ashirin ɗin ko ranar jarrabawa ba ya bari. Da dare kuma yana da ɗan littafi da yake rubutu a ciki. Ya ce ya samo shi ne daga nasihar da Buddha ya yi wa ɗansa Rahula yana yaro: ka duba aikinka kamar mai duba madubi, kafin ka yi, kana cikin yi, da bayan ka gama, shin ya cuce ka ko ya cuci wani? In ya cutar, ka faɗa wa wanda ya fi ka sani, ka kiyaye gaba. Na ce masa mu muhasaba muke ce wa wannan, sai dai ni ban taɓa saya mata littafi ba.

Na ga amfanin abin ranar da mai a-daidaita-sahu ya goge mana babur. Ina baya, na ji bayansa ya sanƙare, na ce yau akwai dambe. Sai ya yi shiru kamar na numfashi uku, ya sauka, ya duba, ya faɗi kuɗin gyara da murya ƙasa-ƙasa. Mutumin ya biya rabi muka tafi. Da dare na leƙa, yana ta rubutu. Amma in ana wasan kurket Indiya na shan kashi, duk wannan ajiye shi yake yi a gefe, har kofi ya taɓa fasawa.

Ɗan Fagge a Bankok:

Na gode ƙwarai jama'a. Malam, maganarka ta shiga, kuma ita ma na karanta wa Hajiya, ban tsallake ba.

Labarin kofin nan ya tuna min da mai ɗaukar min kaya zuwa wurin awo. Mashayi ne na gaske. Amma in damina ta kama, lokacin da sufaye ke zaman wata uku a wuri guda, wanda suke kira "khao phansa", daga wajen Yuli zuwa Oktoba, sai ya je gaban babban sufin unguwarsu ya yi alkawarin barin giya. Mutane da yawa na yin haka a can. Kuɗin kwalbar kullum matarsa ke karɓa ta jefa a gwangwani. Wata ukun nan ba ya makara, ba ya ɓatar min da katan. Ranar da wa'adi ya cika kuwa, kada ma ka neme shi. Haka muka yi shekara huɗu, a ta biyar ya zarce har watan Janairu, da kuɗin gwangwanin aka saya wa 'yarsa keke.

Hajiya dai ta saurara har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Tambayarta biyu: akwai masallaci, akwai naman yanka? Na ce akwai, ni kaina na sha yin Juma'a a masallacin Haroon da ke Bang Rak, kudancin ƙasar ma irin su Pattani da Yala yawancinsu Musulmi ne. Na kuma gargaɗi yaron kada ya rikice in ya ga takarda da shekara ta 2568, lissafinsu ya ɗara na Bature da 543.

Jiya da daddare sai ga ta da ƙulli biyu, dabino da yajin ƙuli. Ta ce ɗaya na auta, ɗaya kuma in matar nan mai shinkafa tana raye a kai mata. Wanda ya bi ta filin jirgin Bankok kwanan nan, suna barin yaji ya wuce kuwa, ko in raba shi cikin kaya?